FILIN MASU MOTOCI: In Mota Mai Turbo Ta Sarƙe, Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Daga cikin larurorin da ke addabar masu motocin zamani a ƙasar nan, akwai wata wadda ta fi saura ban haushi, ta kuma fi su haɗari, domin ba ta bayyana sai a daidai lokacin da aka fi bukatar lafiyar mota. Ita ce ta motar da take tashi lafiya da safe, ta yi sulo tsaf, ta zaga gari yini guda ba tare da wani koke ba, amma da zarar an hau babbar hanya an danne totur don a wuce tirela, sai ta sarƙe, ta yi ta fizga kamar dokin da aka ja wa linzami, ko kuwa ƙarfinta ya mutu na ɗan lokaci, sa'an nan ta farfaɗo.

Kada mai karatu ya raina wannan ɗan lokaci. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In wata tana tahowa daga gaba da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 55 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Saboda haka sarƙewar daƙiƙa biyu kacal ta cinye fiye da mita 110, watau tsawon filin ƙwallon ƙafa har da ƙari, alhali direba yana gefen tirela, ba damar komawa hannunsa.

Bayan haɗarin rai kuma akwai na aljihu. Sau da yawa in an kai irin wannan mota gareji, tun kafin a buɗe bonet an yanke hukunci cewa turbo ya mutu. Sai a tura yaro Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, a sayo wani da tsadar gaske, a ɗaura, mota kuwa ta ci gaba da halinta. Gaskiyar maganar ita ce, a mafi yawan lokuta turbo lafiyarsa ƙalau. Laifinsa kawai shi ne yana tona asirin duk wani rauni da ke ɓoye a wuta, ko a mai, ko a hanyar iska.

YADDA TURBO YAKE AIKI

Injin fetur yana bukatar abubuwa uku a kan ƙa'ida, su ne iska da mai da wuta. Iyakar ƙarfinsa kuwa ita ce iyakar iskar da zai iya shaƙa, domin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Turbo zugazugi ne, irin na maƙera, sai dai hayaƙin inji ne ke zuga shi. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana danna iska cikin inji. Sandar takan yi juyi 150,000 zuwa sama da 200,000 a minti ɗaya, zafin hayaƙin kuwa yakan kai digiri 900 ko fiye. Ana auna matsin iskar da ma'aunin da ake kira bar. In turbo ya ƙara bar ɗaya a kan matsin iskar duniya, inji ya sami kusan ninkin iskar da ya saba shaƙa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Buchi ne ya yi rajistarta a 1905, kuma a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa ta a ƙananan motocin sayarwa, watau Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A nan gida an daɗe da sanin turbo a tireloli da manyan injunan gas, amma ƙananan motocin da kanikawanmu suka koyi aiki a kansu, irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kafireta gare su, ba su da turbo. Abin ya canza ne sa'ad da kamfanoni suka koma ƙera ƙananan injuna masu turbo don tsimin mai. Ford ya fito da nasa mai suna EcoBoost a 2009, Mercedes C300 ta 2015 tana da injin lita 2 mai turbo, Honda Accord ta 2018 kuma mai lita 1.5. Waɗannan da ire-irensu su ne suke shigowa a matsayin 'yan Kwatano, har suka cika garejin da ba a shirya musu ba.

To, a lokacin sulo da tafiyar cikin gari, turbo kusan hutawa yake yi. Fulogi mai rauni zai ba da wuta, famfon da ya gaji zai kawo ɗan man da ake so, tsagaggen tiyo kuma zai riƙe bakinsa. Sai an danne totur ne ake neman iyakar ƙoƙarin kowannensu a lokaci guda, wanda ya fi rauni kuwa shi zai fara sarewa. Wannan shi ya sa bakaniken da ya tsaya gaban mota yana ba ta wuta a tsaye, ya ce lafiyarta lau, bai gwada kome ba, domin injin da ba ya jan nauyi ba ya tara matsin iska na kirki.

ABIN DA BA CUTA BA NE

Kafin a nemi magani, wajibi ne a tabbata akwai cuta. Turbo ba ya zuga sai hayaƙi ya yi yawa, saboda haka in inji yana ƙasa da juyi 1,500 ko 2,000 a minti, aka danne totur, dole a ɗan jira kafin ƙarfi ya zo. Haka nan mota mai giyar otomatik takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta sauko da giya. Wannan jinkiri halitta ne, kuma ana gane shi da abu biyu: kullum iri ɗaya ne, kuma in ƙarfin ya zo yakan zo sumul, ya yi ta hawa ba yankewa. Har ila yau, in ana ruwa ko an hau tsakuwa, na'urar hana sulɓi takan rage wa inji ƙarfi da gangan, fitilarta kuma takan yi ƙyaftawa a gaban direba. Abin damuwa shi ne ƙarfin da ya zo sa'an nan ya yanke, ko fizga, ko tari a salansa, ko jinkirin da da babu shi yanzu ya samu.

SHAIDAR DIREBA

Rabin binciken yana bakin direba, in ya iya lura. Fizga mai sauri, ƙanana-ƙanana a jere, kamar mota tana taka ƙananan ramuka, ta fi nuna wuta, watau abin da kanikawa suke kira misin. Ƙarfin da ke zuwa daidai sa'an nan ya dusashe in juyin inji ya hau ko an daɗe a kan totur, ya fi nuna ƙarancin mai ko toshewar salansa. Huci ko fito daga ƙarƙashin bonet, tare da baƙin hayaƙi a baya, iska ce ke tserewa. Yankewa ɗaya mai tsanani, kamar an buga bango, bayanta kuma mota ta koma lagwani har sai an kashe ta an sake tayarwa, alama ce cewa kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, ita ce ta janye ƙarfin don ta tsirar da inji. In kuwa allurar juyin inji tana tashi amma gudu ba ya ƙaruwa, to a bar inji, a duba kuloci ko giya.

Ya kamata kuma mai mota ya lura da lokaci da yanayi. Da sanyin safiya abin yake faruwa ko da tsakar rana? Tanki cike ko ya kusa ƙarewa? Bayan an sha mai a wani sabon wuri ne, ko bayan an wanke inji, ko bayan wani gyara? A miƙaƙƙiyar hanya ne ko a hawa irin na Hawan Kibo a hanyar Jos? Kowace amsa tana rage yawan waɗanda ake tuhuma.

A TAMBAYI KWAMFUTA TUKUNA

Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace ƙaramar mota ta zo da kafar bincike iri ɗaya, wadda ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Tana ƙarƙashin sitiyari, kuma duk sikana ta gari tana iya karanta ta. Lambobin da suka shafi wannan larura sanannu ne. P0300 misin ne a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. P0087 ƙarancin matsin mai ne, P0171 kuwa mai ya yi wa iska kaɗan. P0299 matsin turbo bai kai yadda ake so ba, P0234 ya wuce kima.

Amma lamba shaida ce, ba hukunci ba ce. P0299 ba ta ce turbo ya mutu ba, cewa ta yi iskar da ta isa inji ba ta kai ba, wanda tsagaggen tiyo ma yakan jawo. Babban kuskuren da ake yi shi ne a karanta lambobi, a goge su, a karɓi kuɗi, a ce an yi gyara. Kafin a goge kome, a rubuta shi, tare da bayanin da kwamfuta ta adana na gudun mota da juyin inji a lokacin da laifin ya auku.

Gwajin gaskiya a kan hanya ake yinsa, da mutum biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana kallon sikana, a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso. A sa giya ta uku, a danne totur daga juyi 2,000 zuwa wajen 5,000. Abin da za a lura da shi huɗu ne: matsin iskar da kwamfuta ta nema da wanda aka samu, matsin man da ta nema da wanda aka samu, ƙidayar misin a kowace silinda, da kuma yawan jinkirta wutar da take yi. Wanda ya fara kaucewa a daidai lokacin sarƙewa, can za a nufa. Gargaɗi ɗaya: in fitilar inji ta fara ƙyaftawa, maimakon ta tsaya a kunne, a ɗaga ƙafa nan take, domin ɗanyen mai ne ke zuba a salansa.

WUTA

Da wuta ake farawa, domin ita ce ta fi yawan laifi, ita ce kuma mafi arahar dubawa. Tun 1889 wani masanin Jamus mai suna Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke bukata don ya tsallake tazara yana ƙaruwa ne gwargwadon faɗin tazarar da matsin iskar da ke cikinta. A sulo, fulogi yakan wadatu da ƙarfi kaɗan. In turbo ya cika silinda, bukatar takan haura har wajen bolt 30,000. Shi ya sa ake ƙuntata bakin fulogin injin turbo, galibi milimita 0.6 zuwa 0.8, alhali na injin da ba shi da turbo yakan kai 1.1. Fulogi kuwa bakinsa cinyewa yake yi da tafiya, tazara tana faɗi, har ranar da kwayil zai kasa, ko wutar ta sami hanya mafi sauƙi ta tsagewar roba ta tsere.

Saboda haka a kwance fulogogi duka, a jera su bisa silindarsu, a auna tazarar da ma'auni, a gwada da abin da littafin motar ya ce. A duba lambar fulogin ko ita ce ta wannan inji, domin shigarsa rami ba ta nuna nasa ne ba, ga kuma jabu da suka yi yawa a kasuwa cikin kwali mai kyau. A duba farin jikinsa ko akwai baƙin layi siriri, wanda shi ne sawun wutar da ke tserewa, a kuma leƙa ramin ko baƙin mai ko ruwan wanki ya taru. In sikana ta nuna silinda ta biyu, alal misali, sai a musanya kwayil ɗinta da na ta uku a sake gwaji. In misin ya bi kwayil ya koma ta uku, an kama ɓarawo ba tare da an sayi kome ba. In ya tsaya a ta biyu, sai a musanya fulogi, sa'an nan a koma kan nozul da ƙarfin matsin silindar. Mutuwar kwayil ba baƙon abu ba ne ko a sababbin motoci: a 2003 kamfanonin Volkswagen da Audi sun ɗauki nauyin canza shi a motoci sama da rabin miliyan a Amurka, cikinsu har da masu injin lita 1.8 mai turbo.

MAI

A tafiyar yau da kullum inji yana haɗa awo 14.7 na iska da awo ɗaya na fetur. In an danne totur, yawancin injunan turbo sukan ƙara mai har ya koma wajen 12 da ɗaya, don a sanyaya silinda. Ga iska ta ninka, ga kason mai ya ƙaru, sai bukatar ta ninka ta sulo sau da yawa. Famfon da ya gaji, ko filtar da ta toshe, ko wayar famfo da ta yi tsatsa, duk za su wadatar da gari su kasa a babbar hanya.

Yawancin injunan turbo na yanzu suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, don haka famfo biyu gare su. Na cikin tanki yana ba da bar 4 zuwa 6, na jikin inji kuma yana ɗaga shi zuwa 150 ko 200, sababbi ma har 350. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, saboda haka mai karatu ya kwatanta. Kada kowa ya sassauta bututun wannan layi inji yana aiki, domin man yana iya huda fata. Ana gane mai laifi ta sikana: in matsin famfon tanki ne ya fara faɗuwa, laifin yana baya, watau famfo ko filta ko waya, in shi yana tsaye amma babban matsin ya faɗi, na gaba ne. Shi ma yana da tarihi, domin a Oktoban 2010 kamfanin BMW ya kira motoci kimanin 130,000 a Amurka, masu silinda shida da turbo biyu, saboda wannan famfo.

Sai kuma ingancin man kansa. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, sa'ad da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, bayan masu motoci da dama sun koka. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ya kwana a jarka, ba a rasa ruwa ko ƙasa ko gauraye a cikinsa. In sarƙewa ta fara ne bayan shan wani mai, a zubo kaɗan a kwalba mai haske a bar shi ya kwanta, ruwa da datti za su sauka ƙasa. Yawo da tanki a kusan ƙarshe ma yana gajiyar da famfo, tun da man ne ke sanyaya shi. Ƙarancin mai a ƙarƙashin matsin turbo ba abin wasa ba ne, domin zafinsa yana iya narkar da kan fistin.

ISKA

A nan ma daga mai sauƙi ake farawa, watau filtar iska, wadda ƙurar hunturu take toshewa tun kafin lokacin da littafi ya yanka mata. Busa ta da iska mai ƙarfi yakan yaga takardar, cire ta gaba ɗaya kuwa gyaran gangar Auzinawa ne, domin ƙura za ta cinye farfelar turbo. Bayan filta akwai sansar da ke auna iskar da ta shiga. In ƙura ta rufe ta sai ta faɗa wa kwamfuta ƙasa da gaskiya, a ba da mai kaɗan. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta kawai, ba da fetur ba, ba a kuma taɓa siririyar wayarta.

Daga turbo iska tana bi ta tiyo da bututu zuwa lagireton iska, wanda ake kira intakula, sa'an nan ta shiga inji. Kowace mahaɗa a wannan hanya wurin yoyo ce. A motar da sansarta take gaban turbo, iskar da ta tsere an riga an ƙidaya ta an ba ta mai, sai mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fito, mota ta shaƙe. Tsagar takan rufe bakinta in an tsaya, don haka ido kaɗai ba ya isa, ko da yake danshin baƙin mai da ƙura ta manne masa yakan nuna wurin. Hanyar da ta dace ita ce a toshe bakin bututun, a hura iska kamar rabin bar, a yayyafa ruwan sabulu a mahaɗai kamar yadda mai faci yake neman huji, ko a yi amfani da na'urar hayaƙi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da suke mulkin turbo. Na farko ƙofa ce a ɓangaren hayaƙi, wadda take buɗewa ta karkatar da shi in matsi ya kai iyaka. In ta saki ko ta tsaya a buɗe, matsi ba zai taru ba. In ta maƙale a rufe, ko siririn tiyonta ya tsage, matsi zai wuce kima kwamfuta ta yanke ƙarfi. Na biyu bawul ne da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur, robarsa kuwa takan yage, kamar yadda aka sani a tsofaffin injunan lita 2 na Volkswagen da Audi. Kuɗin waɗannan bai kai kusa da na turbo ba.

Wani darasi ya zo daga Amurka a 2013, sa'ad da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta binciki koken masu Ford F-150 na 2011 zuwa 2013 cewa ƙarfi yana yankewa in sun danne totur. Aka gano raɓa ce take taruwa a cikin intakula in an daɗe ana tafiya a babbar hanya cikin laima, da an danne sai iska ta kwashi ruwan ta watsa a silinda. Wanda motarsa ba ta sarƙewa sai da damina ya tuna da wannan.

ZAFI DA ƘWANƘWASA

Iskar da aka matsa zafi take yi, takan fito daga turbo sama da digiri 100, aikin intakula kuwa shi ne ya sanyaya ta. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri yake wuce digiri 40, aikin ya riga ya yi masa nauyi, balle in laka da ciyawa da ƙwari sun toshe fuskarsa. Iska mai zafi tana sa mai ya fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali, abin da ake kira ƙwanƙwasa. Akwai sansa a jikin inji da ke jin wannan, sai kwamfuta ta jinkirta wuta ta rage matsin turbo, direba kuma ya ji mota ta yi nauyi. Kamfanin Saab na Suwidin ne ya yi fice da wannan dabara a farkon shekarun 1980. Motar da take lafiya da asuba ta yi kasala da azahar, a nan za a nemi ciwonta.

Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ita ce lambar oktan. Fetur na gidajen manmu yana wajen 91 a ma'aunin RON, alhali injunan turbo da yawa na Turai 95 suke so. A duba cikin murfin tanki ko littafin mota, a kuma sani cewa lissafin Amurka daban yake: 87 nasu ya yi daidai da kusan 91 a RON, 91 nasu kuma kusan 95 ne. Mai irin wannan mota ya tsabtace intakula, ya kuma daina danne totur a babbar giya inji yana ƙasa-ƙasa. Ya sauko da giya tukuna. Wannan hali yana jawo wata muguwar fashewa kafin lokaci wadda take fasa fistin, kuma saboda ita aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. A nemi ɗayansu a jikin galan.

SALANSA, SA'AN NAN TURBO

A bayan turbo akwai matatar hayaƙi mai kama da saƙar zuma, wadda kanikawa suke kira indomi. In an daɗe ana yawo da misin, ɗanyen mai yakan ƙone a cikinta ta narke ta toshe. Hayaƙi ya rasa mafita, turbo ya kasa juyi, ƙarfi ya riƙa raguwa gwargwadon hawan juyin inji. Ana tabbatarwa da auna matsin hayaƙi ta ramin sansar da ke gabanta. Fasa ta a zubar ba ya warkar da abin da ya kashe ta.

Sai an wanke duk waɗannan ake zuwa kan turbo kansa, shi kuwa in ya mutu ba ya ɓoyewa. Yakan yi kuka kamar jiniya, ya fitar da shuɗin hayaƙi, ya sha baƙin mai. In an cire tiyon bakinsa inji yana kashe, za a ga fukafukan sun gutsure ko sun goge bango, ko sandar tana motsi gaba da baya. Ɗan motsi kaɗan zuwa gefe da ɗan danshin mai a bututu ba laifi ba ne. In ya tabbata ya mutu, a nemi abin da ya kashe shi, wanda galibi baƙin mai ne marar kyau, ko wanda ya daɗe, ko toshewar siririn bututun da ke kai masa mai. In ba a canza bututun nan ba, sabon turbo zai bi tsohon. Bayan doguwar tafiya kuma a bar inji ya yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe shi.

HAKKIN MAI MOTA

Mai mota ba sai ya zama bakanike ba, amma yana da ikon ya yi tambaya uku kafin ya zaro kuɗi: me aka auna, me aka samu, me kuma ya kamata a samu? Bakaniken kirki ba ya jin haushin waɗannan, yana ma jin daɗinsu. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a koma hanya a gwada, domin in an canza biyar tare ba wanda zai san wanne ne mai laifi, huɗu kuwa an saye su a banza. A karɓi tsohon kayan a ajiye. Kuɗin awa ɗaya na bincike a wurin wanda ya iya sikana ya fi arha a kan kowane kaya da aka saya bisa zato.

Har zuwa ranar da za a tabbatar ta warke, mota mai sarƙewa ba ta wuce wata mota a hanyar da ba tagwaye ba. A bi bayan tirela da haƙuri, a taka totur rabi, a kai ta gareji cikin makon. A mako mai zuwa filin zai duba wannan larura a motocin gas masu turbo, irin su Hilux, inda babu fulogi, amma matsin man yakan haura bar 1,600.